Ƙyauren da Na Ƙera da Hannuna

Zuwa ga mai wannan fili,

Don Allah 'yata ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Na daɗe ban rubuta wa kowa komai ba, hannun kuma ya fara rawa. Kwana uku na yi ina wannan rubutu, in cika shafi ɗaya in huta. Na ce miki 'yata ne don na ga hotonki a saman filin, na kuma tabbata na haife ki. Shekaruna tamanin da ɗaya.

Ni tsohon malami ne. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da aikin ƙarfe a makarantar koyon sana'a, a zamanin da ɗalibi zai yini yana goga ƙarfe ɗaya da magagari har sai malami ya shafa bai ji kaushi ba. Matata tela ce, yau shekara biyar da rasuwarta. Ni ina kiranta Mai Keke. Ita kuma in muna shiri Malam take ce mini, in na ɓata mata rai sai in koma Maƙeri. 'Ya ɗaya Allah ya bar mana, tana aure a can ɗaya gefen gari, tana aiki a asibiti. Tana da yarinya 'yar shekara shida wadda na laƙaba wa suna Sufeto, domin da ta shigo gidan nan sai ta goya hannu a baya ta zagaye ɗakuna, ta duba ko na yi shara, ta tambaye ni dalilin da kofin jiya bai wanku ba. Sufetocin ilimi na da can ma ba su taɓa sa ni rawar jiki haka ba. Kowace Asabar uwarta takan ajiye mini ita da safe, ta ɗauke ta da yamma. Sauran kwana shidan, in ba rediyo ba, ba na jin muryar kowa a gidan nan.

To yau Asabar uku ke nan ba a kawo ta ba, kuma an ce ba za a sake kawo ta ba sai na rabu da wani abu da ban san yadda zan rabu da shi ba. Sai na koma baya kaɗan kafin ki gane.

Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, 'yata tana goye, muka kai ta asibiti da hantsi. Kafin mu dawo ɓarayi sun ɓalle ƙofa. Sun tafi da rediyo, da agogon bango, da kan keken ɗinkin Mai Keke, wanda mahaifinta ya saya mata. Teburin kawai suka bari, da rami a tsakiyarsa. Ban taɓa mantawa ba, ta zauna gaban teburin nan, ƙafarta tana ta taka feda, ƙarfe yana juyawa babu abin da yake ɗinkawa. A ranar na yi rantsuwa a raina cewa babu mai sake shiga gidan nan sai wanda na buɗe wa.

Da na gaya mata zan sa ƙarfe a ƙofa da tagogi, sai ta ce ita ba ta yi laifin da za a kai ta kurkuku ba, in dai ƙarfe za a sa, to sai mai kyau. Ta samo takardar buhun siminti ta shimfiɗa a tsakar ɗaki, ta ɗauki allin telanta ta zana ganye da reshe suna nannaɗe juna, irin adon da take yi wa rigar matashin kai. Na ce mata ƙarfe ba zare ba ne. Ta ce ashe dai yabon da ɗalibai suke yi mini tsoron bulala ne kawai. Wannan maganar ce ta sa na cinye zangon karatu guda ina komawa makaranta ranar hutu, ina lanƙwasa ganye ɗaya bayan ɗaya. Ƙyaure ɗaya, tagogi biyar. In na kawo gida, sai ta bi kowace kafa da hannunta, ita kuwa siririyar mace ce. Duk inda hannunta ya wuce sai ta ɗiga alli ta ce Maƙeri, a ƙara ganye. Muka yi faɗa, muka shirya, muka sake yi. Da aka kafa su, masu wucewa har tsayawa suke yi su duba. Tun daga ranar ko allura ba a sake ɗauka a gidan nan ba.

Kwaɗo uku na sa wa ƙyauren ta ciki, sama da tsakiya da ƙasa. Makullan sun yi kama da juna, sai ta ɗaura wa kowanne zare: ja na sama, kore na tsakiya, fari na ƙasa. Muka saba da mun shigo mu rufe duka ukun, rana ko dare. Ƙofar baya kuwa, bayan rasuwarta na jingine mata keken da muka sake saya daga baya, na ɗora akwatin yadudduka a gefe, ban sake buɗe ta ba.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, shekaru sun ci zaren nan. Gumi da maiƙon hannu sun mai da ja da kore da fari duk launi ɗaya, launin ƙasa. Idona kuma ya yi yana. Zoben makullan ma goma sha ɗaya ne a jikinsa, har da na kabad ɗina na makaranta da na keken hawa da na sayar tun 'yata tana firamare, na kasa cire ko ɗaya. In zan fita nakan sa tabarau, in jawo kujera, in bi su ɗaya bayan ɗaya har a dace. Wani lokaci yakan ɗauke ni minti goma. Ban taɓa ganin aibin hakan ba, tunda babu mai jirana a waje.

Gidan sassa biyu ne ƙarƙashin rufi ɗaya, ni a dama, wani direban babbar mota da iyalinsa a hagu. Ranar Asabar ɗin, bayan azahar, muna falo ni da Sufeto muna wasan makaranta. Ita ce malama, ni ne ɗalibi, ta ma riga ta sa ni durƙuso sau ɗaya don wai na yi hamma a aji. Ashe matar direba ta jona dutsen guga da safe, aka ɗauke wuta, ta manta ba ta cire ba ta tafi kasuwa. Da aka dawo da wuta, sai ya kama tulin kayan da ke ƙarƙashinsa. Ni ban ji komai ba. Yarinyar ce ta ce Kaka, wani abu yana ƙauri. Na ɗaga kai na ga hayaƙi yana zubowa ta gefen silin kamar an saki labule.

Tabarauna yana ɗakin kwana, ɗakin kuma ya riga ya cika. Na ja ta zuwa ƙofa, na kwantar da ita ƙasa, na sa hancinta a bakin kafar da ke ƙasan ƙyaure, wannan kam na tuna. Sannan na kama makullai. 'Yata, ban iya gaya miki sau nawa zoben nan ya faɗi daga hannuna ba. Na buɗe na tsakiya, ban san ta yaya ba. Na sama da na ƙasa suka ƙi. Mutanen layi suka taru. Mai facin taya na bakin titi yana ta cewa Baba miƙo makullan, miƙo mini. Na tura masa su ta ƙasa, amma kwaɗo ukun a ciki suke, kuma babu kafar da hannunsa zai shiga. Ai mun tabbatar da haka, ni da Mai Keke, da alli. Ya sa ƙarfen da yake ɓanɓare taya ya danna da iyakar ƙarfinsa, ganye ɗaya bai lanƙwashe ba. Suka koma tagogi, haka. Yarinyar tana tari, ba ta yi kuka ba, sai tambayata take yi ko na manta karatun ne.

Daga ƙarshe wani ya kawo motar ɗaukar kaya da sarƙa, suka ɗaura a ƙyauren, suka ce mu matsa baya. Ƙarfen bai karye ba, bangon ne ya ba da kai. Ƙyauren ya fita ɗungurungum da ginin da ke riƙe da shi, mai faci ya sure yarinyar, wasu suka ɗauko ni kamar buhu. 'Yan kwana-kwana suka iso suka kashe wutar. Sashen direba ya ƙone, nawa silin ne ya yi baƙi, ruwa kuma ya ɓata katifa. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Sufeto ta kwana ɗaya a asibiti saboda hayaƙin da ta shaƙa.

Yanzu ƙyauren yana jingine a tsakar gida, ko fentinsa bai kankare sosai ba. Na yi magana da magini, ya ce zai zo ƙarshen wata ya mayar da shi. Da 'yata ta ji, sai ta zo ita kaɗai, ta tsaya, ko zama ba ta yi ba. Ta ce in aka mayar da ƙyauren nan, in kuma ba a yanke ƙarafan tagogi ba, 'yarta ba za ta sake taka gidan nan ba. Raina ya ɓaci. Na ce mata a bayan ƙarafan nan ta yi barci shekara ashirin da huɗu ko ƙwarzane ba ta samu ba. Sannan na faɗi abin da bai kamata ba, na ce da uwarta tana da rai ba za ta tsaya a kaina ta ce in yanke aikin hannunta ba. Sai ta ce da Mama ta ga abin da ita ta gani a gadon asibiti, da almakashinta za ta yanke su. Ta fita. Tun daga nan kullum da safe takan kira ta tambaya ko na sha magani, in ce na sha, ta ce to, ta kashe. Ba ta ba yarinyar waya.

Akwai abu biyu da ban gaya wa kowa ba sai ke. Na farko, a lokacin da mai faci ya danna ƙarfensa aikina ya ƙi lanƙwashewa, ina cikin hayaƙi, jikata tana tari a ƙafata, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi. Daɗin bai fi ƙiftawar ido ba, amma na ji shi, kuma tun ranar nake jin kunyar kaina. Na biyu, tsoro nake ji. Ƙofar katako da ke bayan ƙyauren kaɗai ta rage mini, ni kuwa yanzu ko akuya ta ture ni sai na faɗi. Duk layin nan an san tsoho ne shi kaɗai a ciki.

Ba ni da hotunan Mai Keke da yawa, a zamaninmu ba a cika ɗauka ba. Amma da hantsi in rana ta bugi tagar falo, inuwar ganyen nan takan kwanta a ƙasa, in zauna in yi ta kallo, in tuna wanne muka yi faɗa a kansa. Shin son kai nake yi? In yanke ne in zauna a buɗe, ko in mayar in rasa yarinyar? Ki gaya mini gaskiya, na girmi lallashi.

Naki,
Tsohon Malamin Ƙarfe

*

Baba,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na gode wa Allah da ya fitar da ku lafiya. Ka ce in gaya maka gaskiya, to ga ta: kada magini ya mayar da ƙyauren nan yadda yake. A kan wannan, 'yarka ta fi ka gaskiya. Ita ba ƙarfe take gani ba in ta dubi ƙofar, yarinyarta take gani kwance a ƙasa tana neman iska.

Amma kai ma ba son kai kake yi ba. Tsoron ɓarawo ga dattijon da ke zaune shi kaɗai ba shirme ba ne, kuma ban yarda a bar ka da ƙofar katako ba. Inda na ga kun ɓata, kai da ita, shi ne kun ɗauka hanya biyu ce kawai, ko a yanke ko a mayar. Ƙyauren nan an yi shi ne don mutum mai shekara arba'in, mai ido biyu garau, da mata a gefe mai tuna masa launin zare. Ya yi aikinsa, ya tsare ku. Gidan ne ya canza, shi bai canza ba.

Ga ma'aunin da zan ba ka. Duk abin da zai rufe ka a ciki, dole ya zama za ka iya buɗe shi da hannu ɗaya, ido rufe, ba makulli, ba tabarau, kafin ka ƙirga goma. Kwaɗo ukun nan sun faɗi wannan jarrabawa, sai su sauka. A madadinsu a sa sakata ɗaya mai ƙarfi wadda ake ja da hannu ta ciki, a rufa mata farantin ƙarfe ta yadda na waje ba zai kai gare ta da waya ko sanda ba. In za ka fita, kwaɗo ɗaya ta waje ya isa, makullinsa shi kaɗai a igiya. Tagogin ba sai an yanke ganye ko ɗaya ba. A ciro na falo da na ɗakin kwana ɗungurungum, a mai da su masu buɗewa kamar ƙyaure, da irin wannan sakatar. Ni a bakin masu sana'ar na ji ana yin haka, kai kuwa ka koyar da ita shekara talatin da huɗu. Ka zauna ka zana abin da kake so, ka nemo mai walda ka tsaya a kansa. Ka wahalar da shi yadda ka ga dama, amma kada ka ɗaga guduma da kanka.

Ƙofar baya kuma a buɗe ta cikin makon nan, ba sai an jira kowa ba. Gida mai mafita ɗaya ya riga ya gwada maka halinsa. A matso da keken zuwa falo inda za ka riƙa ganinsa, ya fi masa daraja da zaman tokare ƙofa. Zoben makullai goma sha ɗayan ka adana shi a aljihun keken, babu wanda ya ce ka zubar. Tunda magini zai zo, ka sa shi ya duba saman silin, ya ja bangon da ke tsakaninka da maƙwabta har ya taɓo rufi, don ta nan hayaƙin ya biyo. Akwai 'yar na'ura mai batir da ake maƙalawa a silin, tana ƙara da zarar ta ji hayaƙi. Ka ce hancinka bai ji komai ba ranar, to ka sa a nemo maka guda biyu. Tabarau ya koma rataye a wuya. Mai facin nan kuma, wanda ya nuna maka ko shi wane ne, ka sa lambarsa a farkon wayarka, ka ba shi ta 'yarka.

Game da daɗin da ka ji, ka daina hukunta kanka. Hannun da ya yi shekaru yana aiki yakan yi murna da aikinsa tun kafin mai shi ya yi tunani. Mutumin da ya ji wannan daɗin shi ne dai ya tuna ya sa hancin yarinya inda iska take.

Abin da ya fi ƙarfen wuya shi ne maganar da ka yi wa 'yarka. Kai ka rasa mata, ita ta rasa uwa, sai ka ɗauki uwar ka tsayar da ita a ɓangarenka, ka bar ta ita kaɗai. Duk da haka kullum tana kira ta ji ko ka sha magani. Wannan ba mai shirin yanke ka ba ce. Ka ba ta haƙuri, kuma kada ka haɗa haƙurin da sharaɗin a kawo maka yarinya. In aiki ya kammala, ka gayyace ta ita kaɗai, ta rufe ka a ciki da hannunta, ta tsaya da agogo ta ga ka fito ta kowace ƙofa. Idonta ne zai gamsar da ita, ba alkawari ba.

Ka kuma shirya wa wannan: mai yiwuwa ko bayan an gyara komai, ta ce ba za ta riƙa barin yarinyar wurinka ku biyu kaɗai yini guda ba. In ta faɗi haka, kada ka ɗauka raini ne. Shekara tamanin da ɗaya ba laifi ba ce, amma gaskiya ce. Ka ce mata to ta riƙa zama ita ma. Ina jin ta daɗe ba ta yini a gidan ubanta ba.

Ke kuma 'yar'uwa, in wannan shafi ya iso hannunki, sharaɗinki yana kan hanya, amma ki miƙa wa yarinyar waya. Yaro mai shekara shida in aka raba shi da wani babu bayani, yakan ɗauka shi ya yi laifi.

Baba, kada ka jira kiranta na gobe da safe. Ka riga ta, ka kira yau. Kada ka fara da zancen ƙarfe ko na magini, ka fara da cewa ka yi kuskure a abin da ka faɗa game da mahaifiyarta, sannan ka yi shiru ka bar ta ta yi magana, ko da abin da za ta faɗa zai yi ɗaci.

Allah ya jiƙan Mai Keke, ya ƙara maka lafiya da ƙarfin ido, ya tsare gidanka daga na waje da na ciki, ya kuma cika maka shi da hayaniya.

'Yarka,
Mai Fili